Ranar da Auta Ya Hana Yaya Jifa

Shekararsa arba'in da huɗu, furfura ta fara leƙowa ta gefen kunnuwansa. A makarantar da yake koyar da lissafi, ɗalibai na jin takunsa suke shiga taitayinsu. Amma a gida har yau Auta ake ce masa. Shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, kuma yayarsa, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ba ta taɓa kiransa da wani suna ba.

Kowace Asabar bayan an ci abincin rana, sai a share teburin falonsa, a shimfiɗa taswirar wata ƙasa da babu ita a duniya, wadda shi ya zana da hannunsa a bayan tsohuwar kalanda. Wasan labari suke yi. Auta ne ke riƙe da labarin: shi ne hanya, shi ne daji, shi ne duk wanda aka ci karo da shi. Sauran kuwa kowa yana da mutum ɗaya da yake magana da bakinsa, da takardar da aka rubuta abin da mutumin ya iya. Idan aka zo inda ba a san ko abu zai yiwu ko ba zai yiwu ba, sai a jefa dayis, irin na ludo amma mai fuska ashirin. Babbar lamba nasara ce, ƙarama kuwa sai haƙuri.

Akwai wani jifa da suke kira jifan sani. Idan mutumin cikin labari ya ga wani rubutu a jikin dutse, ko wata dabba, ko wani tsiro, mai shi yakan tambaya, "Mutumina ya san wannan?" Sai ya jefa. In ya ci, Auta ya faɗa masa abin da mutumin ya sani. Dalilin a fili yake: wanda ke zaune a kujera bai taɓa taka wannan ƙasa ba, amma mutuminsa a cikinta aka haife shi.

Sai dai Auta ya ƙara wata doka tasa ta kansa. Yakan ɓata lokacin hutunsa a ɗakin malamai yana rubuta sunayen garuruwa da tarihin sarakunan da ba a taɓa yi ba, kuma ba abin da ke ƙona masa rai kamar ya ga ana hamma yana karantawa. Don haka ya ce, "Abin da na riga na faɗa a kan teburin nan, ba a yi masa jifa. Wanda bai saurara ba, shi ya so."

Su uku ne suka fara da shi. Matarsa ta ɗauki 'yar kasuwa mai zaƙin baki. Tela, maƙwabcinsu, ya ɗauki ɓarawo, yana cewa ai dama mutane sun daɗe suna zarginsa da rage yadi. Injiniya, mijin Yaya, wanda gyaran janareto ne sana'arsa, ya ɗauki jarumi mai gatari. Ita Yaya shekara biyu tana yi musu dariya. Ta yi aikin jinya shekara talatin da ɗaya kafin ta yi ritaya, irin matan nan da ke riƙe adadin maganin mutum ashirin a ka ba tare da duba kati ba. Takan ce, "Manya da ku, kun zauna kuna yaƙi da dodon takarda." Saboda haka ranar da ta biyo mijinta ta ja kujera ta ce a ba ta mutum ita ma, sai da kowa ya yi mamaki. Ta ɗauki Mai Magani. Wata biyar ke nan ba ta yi fashi ba.

Asabar ɗin da abin ya faru, labari ya kai su wata fadama. Maciji ya sari jarumin Injiniya a hannu, dafi yana hawa. A bakin ruwan akwai ganye iri uku: mai ja a ƙarƙashi, mai gashi-gashi, da mai warin tafarnuwa. Ɗaya magani ne, ɗaya na sa barci, ɗaya kisa yake yi.

Yaya ta miƙa hannu za ta ɗauki dayis. "Bari in yi jifan sani."

Auta ya ɗora tafinsa a kai. "A'a, Yaya. Wannan an faɗa. Mako biyu da suka wuce tsohuwa mai fito ta gaya muku, makon jiya ma na maimaita."

"To ai Mai Magani ce. Aikinta ne."

"Aikinta ne, amma kunnenki ne."

Tela ya buɗe baki zai taimaka, Auta ya ɗaga masa yatsa kamar yadda yake yi a aji. "Ɓarawo yana can yana gadin kaya, ba ya nan." Ya cire agogonsa ya ajiye a kan taswira. "Minti ɗaya, dafi ya kai zuciya."

Yaya ta sunkuyar da kai tana duban cinyarta. Auta ya ji ƙafar matarsa ta taɓa tasa a ƙarƙashin tebur, ya ɗauka kuskure ne, ya janye. Daɗi yake ji. Wannan ce matar da ta riƙa tsare shi da haddar lissafi yana ɗan shekara takwas, ta ce ba zai fita wasa ba sai ya kawo bakwai sau takwas. Yau ga ta a hannunsa.

"Saura rabin minti."

Ta ɗago. Ta dubi taswirar, ta dubi mijinta, ta dubi Auta. Da wata ƙaramar murya da bai san ta da ita ba ta ce, "Wa ma aka sara?"

Auta ya fashe da dariya har da buga tebur. "Kai, jama'a! Sista guda! Shekara talatin da ɗaya a asibiti, mara lafiya yana kwance a gabanta, tana tambayar wa aka sara! Yaya, Allah ya so mutane da kika yi ritaya, da kin ba mai ciwon kai maganin basir."

Sai da ya kai ƙarshen maganar ya lura shi kaɗai ke dariya. Tela yana kallon farcensa. Matar Auta ta rufe ido. Injiniya kuwa shi yake kallo, irin kallon da Auta bai taɓa gani a fuskar mutumin ba tun da ya auri yayarsa.

Yaya ta miƙe a hankali, ta gyara gyalenta. "Na bar wanki a igiya, kuma hadari na haɗuwa," in ji ta. Rana ce tarwai a waje. Injiniya ya ɗauki makullin mota ya bi bayanta, ko sallama bai yi ba. Tela ma ya tuna wani ɗinki da ake jira.

"Daga wasa?" in ji Auta, yana tattara takardu. "Ita fa ta fi kowa zolaya."

Matarsa ta ce, "Malam, ƙafarka nake ta takawa."

"To me na yi?"

"Ni ma ban san komai ba, ba wanda ya gaya mini. Amma ina da ido. Sau biyu tana tambayata inda muke ajiye kofuna, a kicin ɗin da ita ta jera mini shi." Ta kwashi faranti ta wuce.

Yana mayar da kujeru ne ya ga wani ɗan littafi a ƙasa, inda Yaya ta zauna. Ƙarami ne, mai shuɗin bango, irin wanda ake sa wa a jaka. Ashe shi take duba a cinyarta. Ya buɗe don ya ga na wane ne.

Rubutunta ne, mai tsabta, irin na masu cika katin asibiti. A shafin farko ta rubuta: Asabar, gidan Auta, ƙarfe biyu. Ni ce Mai Magani. Tela ɓarawo. Maigida mai gatari. Sai shafuka na labarinsa, mako bayan mako, sunayen garuruwan da ya ƙirƙira, wasu an rubuta su sau uku. Babu wanda ya taɓa ɗaukar labarinsa da muhimmanci haka. Ya kai shafin tsohuwa mai fito. Ta rubuta ganye uku, ta ja kibiya daga kowanne, amma ba ta cika gaban kibiyoyin ba. Da alama ya yi sauri a ranar. A ƙasan shafin, an ja layi biyu a ƙarƙashi, ta rubuta: Auta ba ya son a tambaye shi sau biyu.

Ya zauna a kujerar da ta tashi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige ya ja ta ya rufe.

Ran Litinin da aka tashi makaranta ya wuce shagon Injiniya. Ya same shi a tsugune gaban wani janareto da aka farke, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. Ya gaishe shi. Injiniya ya amsa bai ɗago ba.

"Me ke damun Yaya?"

"Miƙo mini sifana mai lamba goma."

Ya miƙa masa. Injiniya ya ɗaure noti ɗaya, ya ɗaure na biyu, sannan ya yi magana. "Wata bakwai ke nan. Ta fara da barin tukunya a wuta. Ran nan ta je kasuwa ta tsaya a bakin titi ta rasa ta ina ake komawa gida. Mun je an yi hoton kai. Likita ya ce mantuwa ce irin wadda ba ta komawa baya, sai dai a rage mata gudu. Ya ce ta riƙa shiga mutane, ta riƙa abin da zai sa ta yi tunani. Ita da kanta ta ce, to bari in je wasan Auta."

"Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Ta hana. Ta ce kai kaɗai ka rage da ke mata gardama kamar da, in ka sani za ka fara lallaɓa ta kamar ƙwai." Ya goge hannu da tsumma, ya miƙe, ya dube shi. "Na so in yi maka rashin mutunci ranar nan. Abin da ya hana ni, ba ka sani ba. Amma a mota na yi ta tunani: ko da lafiyarta ƙalau, haka ake yi wa wadda ta goya ka? A gaban maƙwabci?"

Magana zarar bunu ce, ya riga ya zare. Ya tsaya yana kallon man da ya taru a cikin wani gwangwani.

"Ta yi kuka?" ya tambaya.

"Da ta yi kuka ai da sauƙi. Littafinta ta yi ta nema."

Daga nan gidanta ya nufa. Ya same ta a falo tana ninke kaya a kan doguwar kujera, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Duk hanya yana shirya abin da zai faɗa, har ya jera shi ɗaya, biyu, uku. Da ya gan ta sai komai ya watse.

"Yaya, kin yar da wannan."

Ta karɓa, ta juya shi, ta dube shi ta saman tabarau. "Ka karanta?"

"A'a."

"Tun kana yaro in za ka yi ƙarya sai ka sosa wuya." Ta sa littafin a jaka ta zuge. "Kama mini bakin zanin gadon nan."

Ya kama. Suka ja, suka ninke, suka haɗa baki da baki. Ya ce, "Yaya, ranar Asabar..." Ta ce, "Ka karkace, ja ta hagunka." Haka suka ninke zannuwa huɗu, ta ba shi ruwa ya sha, ya tafi da maganarsa a ciki.

Bai zaci za ta zo Asabar ɗin da ta biyo ba, amma ƙarfe biyu saura sai ga motar Injiniya. Aka zauna, kowa yana ta gaisuwa fiye da yadda aka saba. Auta ya ja mata kujera mai matashi. Ya zuba mata shayi da kansa. Sannan ya fara tuna musu inda aka tsaya, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, kuma duk idonsa a kanta. "Muna fadama. Fadama, wajen ruwa. Maciji ya sari jarumi. Jarumi shi ne Injiniya."

Tela ya yi tari.

"To Mai Magani ta duba ganyen nan," in ji Auta da sauri, "nan take ta gane wanne ne maganin..."

"Dakata." Yaya ta ajiye kofinta. "Yaushe aka daina jifa a gidan nan?"

"Ai Mai Magani ce, Yaya, aikinta ne. Ke ma kin faɗa."

"Na ce a bar ni in jefa. Ban ce a ɗura mini a baki ba." Ta dubi mijinta. "Ka gaya masa ke nan." Injiniya ya sunkuyar da kai. Ta juyo kan Auta. "To tunda kowa ya sani, ko ya yi zato, bari in faɗa da bakina a huta. Kaina yana yoyo. Abin da aka zuba jiya, yau sai in tarar saura rabi. Wancan makon ka mai da ni abin dariya, na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Amma wannan da kake yi yau ya fi mini ciwo. Na yi wa mutane irin wannan muryar shekara talatin, na san wa ake yi wa ita."

Auta ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar aji. A gaban matarsa, a gaban Tela, ya ce, "Ki yi haƙuri, Yaya. Ban san yadda zan yi ba ne."

"Sai ka tambaya. Kai ne ba ka son tambaya, ni ina so." Ta nuna takardar mutuminta. "Matar nan ta cikin takarda ba ta da ciwona. Ita ta girma a ƙasar, ita ta san ganyenta. In na manta, ita ba ta manta ba, sai dai in dayis ya ce ta manta. Ka ba ni in jefa kamar kowa. In na ci, ka faɗa mini duka. In na faɗi, ka faɗa mini abin da mai wannan sana'a ba za ta rasa sani ba, sauran ka bar ni da shi."

Matar Auta ta ce, "Mu ma haka muke so, wallahi. Ni tun tuni na manta sunan sarkin nan mai ido ɗaya, tsoro ya hana ni tambaya."

"Ni ko ƙasar ban san sunanta ba," in ji Tela.

Auta ya tura wa Yaya dayis. "Sha biyu ake nema. Kina da ƙarin biyar a takardarki."

Ta girgiza shi a tafinta ta watsa. Ya gangara ya bugi kofin Tela ya tsaya. Huɗu.

Kowa ya dubi Auta. Ya ji ƙaryar ta taso masa har maƙogwaro, kamar ya ce ai tara ma ta isa. Ya dubi fuskarta, ya haɗiye.

"Tara. Ba ki ci ba. Abin da Mai Magani ta tabbata da shi, mai ja a ƙarƙashi shi ne kisa. Sauran biyun sun rikice mata: ɗaya magani, ɗaya barci."

Yaya ta gyara zama. "To. Hannun ya kumbura har ina?"

Wannan babu shi a rubutunsa. "Har... gwiwar hannu."

"Yana zufa? Yana gane mutane?"

"Yana zufa. Yana gane ki."

"Ina da sauran lokaci ke nan. Tela, ka bar gadin nan ka zo ka riƙe shi, kada ya motsa hannun. Ke 'yar kasuwa, tafasa ruwa." Muryarta ta dawo irin ta da, wadda ke sa masu shara da likitoci duka su miƙe. "In ba ka tabbata da magani ba, ba ka ba da shi duka. Zan tsinki kwatan ganye mai warin tafarnuwa in ba shi, in zauna ina ƙirga numfashinsa. In na barci ne, kwata ba zai kashe shi ba, kuma na san ɗayan ne."

Auta ya duba rubutunsa. Bai taɓa tunanin wannan hanyar ba. "Idonsa ya fara lumshewa. Numfashinsa ya yi nauyi."

"Madalla. Kawo mai gashi-gashin."

Jarumi ya tashi, amma saboda jinkirin da aka yi Auta ya yanke cewa ya rasa yatsu biyu. Injiniya ya yi ta mita cewa ai da gangan aka yi masa, yaya mutum zai riƙe gatari da yatsu uku. Yaya ta ce ya gode wa Allah da ba ta yanke hannun ba. Ta buɗe littafinta a kan tebur, a gaban kowa, ta ce, "Auta, maimaita mini, wanne ne na barcin?" Ya maimaita. Ta rubuta. Bayan minti goma ta sake tambaya, ya sake faɗa.

Daga ranar ya soke dokarsa. Duk wanda ya manta abu yana iya jifa, kuma ko an faɗi yakan ba da abin kamawa, don ya lura jifan da ba a samu komai a cikinsa ba tsayar da labari kawai yake yi.

Ciwon Yaya bai tsaya ba. Bayan wata takwas hanyar gidan Auta ta fara tayar mata da hankali ko a mota, sai suka mayar da wasan falonta. Akwai Asabar ɗin da take ba da umarni kamar tana bakin aiki, akwai wadda sai dai ta riƙe dayis tana murza shi tana sauraro. Sau biyu Auta ya sake ɗauko zancen ranar nan don ya nemi gafara yadda ya kamata. Na farko ta ce ya wuce. Na biyu ta dube shi da gaske ta ce, "Wace rana?" Ya fita tsakar gida ya daɗe a tsaye. Ita ta sauke abin, shi ne aka bari da ɗauka.

Injiniya kuwa ya koma yi masa wasa kamar da, amma ba duka ba. A gidansa shi ke haɗa shayi, kuma in ya zo rabawa yakan fara da Yaya, sai matar Auta, sai Tela, ya zuba nasa, sannan ya ajiye butar a gaban Auta ya koma ya zauna. Auta yakan ɗauka ya zuba wa kansa.